Gaɓoɓin da furotin ke lanƙwasawa: abin da hoto ɗaya ba ya nunawa

A watan Fabrairun 2020, tun kafin korona ta kai ga rufe makarantu da kasuwanni a yawancin ƙasashe, wani ɗakin bincike a Jami'ar Texas da ke birnin Austin ya fitar da hoton ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar. Jason McLellan da abokan aikinsa sun daskarar da furotin ɗin a cikin ƙanƙara siririya, suka ɗauki dubban hotuna da madubin ilektron, kwamfuta ta harhaɗa su zuwa siffa guda.

Ƙayar tana da kawuna uku. A hoton, biyu suna kwance, ɗaya ya ɗaga. Wannan ɗagawar ita ce maganar, domin sai kan ya ɗaga yake iya cafke furotin ɗin ACE2 da ke jikin ƙwayoyin halittarmu. In ya kwanta, wurin kamun a ɓoye yake, ko garkuwar jiki ba ta cika ganinsa ba.

A can ƙasa cikin jikin ƙayar akwai wata kwana kuma. Idan cutar za ta kutsa cikin ƙwayar halitta, wannan kwana miƙewa take yi, ƙayar ta sauya kama gaba ɗaya. Masanan sun san da ita tun aikin da suka yi a kan cutar MERS a 2017, tare da Barney Graham da Andrew Ward. Sai suka musanya amino asid biyu, wato tubalan da ke gina sarƙar furotin, a daidai wurin, na 986 da na 987, da furolin, wanda ba ya yarda sarƙar furotin ta juya yadda take so. Kwanar ta sandare, ƙayar ta tsaya a siffar da ake so jiki ya gane. Alluran Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson, waɗanda aka yi wa mutane da yawa a Najeriya, duk suna ɗauke da wannan ɗan gyara.

Amino asid biyu ke nan cikin sama da dubu ɗaya da ɗari biyu. Sanin inda za a taɓa shi ne ya ci shekaru.

Siffa ta samu, motsi ya rage

Shekarun baya-bayan nan sun sauya wannan fanni. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta ba masana mamaki a gasar CASP, inda ake gwada wanda zai iya hasashen siffar furotin daga jerin amino asid ɗinsa kawai. Zuwa 2022 an saka siffofi sama da miliyan 200 a intanet kyauta. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker.

Sai aka fara jin ana cewa an gama da matsalar furotin. Ba a gama ba. Abin da aka samu hoto ne a tsaye, alhali furotin a cikin jiki ba ya tsayawa. Yana buɗewa, yana rufewa, yana cafke abu ya sake shi. Manyan furotin galibi dunƙule-dunƙule ne, biyu ko uku ko fiye, kowane dunƙule a ƙulle tamau, sannan ɗan guntun sarƙa ya haɗa shi da na kusa. Wannan guntu shi ne gaɓa. A kansa dunƙulen ke juyawa.

Tambayar da masana suka shafe sama da shekara ashirin suna kokawa da ita ita ce: in an ba ka siffa ɗaya tak, za ka iya nuna inda furotin zai lanƙwasa?

Daga kwaɗo da makulli zuwa baki mai rufewa

A 1894 Emil Fischer, Bajamushe, ya ce enzayim da abin da yake sarrafawa sun dace da juna tamkar kwaɗo da makullinsa. Maganar ta zauna a littattafai, har yau ana koyar da ita a sakandare. A 1958 Daniel Koshland ya ce a'a, enzayim yana sauya siffa ne ya rungumi abin da ya zo masa. A wannan shekarar John Kendrew ya fitar da siffar furotin ta farko a Cambridge, ta mayoglobin.

Hujjar da ido zai gani ta zo a ƙarshen shekarun 1970. Thomas Steitz na Jami'ar Yale ya kwatanta siffofi biyu na hekzokines, enzayim ɗin da ke fara sarrafa sukarin gulukos. Da sukari ya shiga, dunƙule ɗaya sai ya juya kamar digiri 12 ya rufe a kansa. Dalilin rufewar a fili yake. Enzayim ɗin yana ɗaukar fosfet daga ATP, ma'ajin makamashin jiki, ya liƙa wa sukari. Da bakin a buɗe yake, da ruwa ya shiga ya karɓe fosfet ɗin, makamashin jiki ya tafi a banza.

Kafin nan ma, a 1976, Andrew McCammon da Martin Karplus da abokansu sun lissafa yadda laisozayim, enzayim ɗin da ke cikin hawaye da farin ƙwai, ke buɗe baki yana rufewa. A 1994 kuma Mark Gerstein da Arthur Lesk da Cyrus Chothia suka tattara misalan da aka sani, suka kasa motsin gida biyu. Akwai na goga, inda sassa ke zamewa kaɗan-kaɗan a jikin juna. Akwai na gaɓa, inda 'yan amino asid ƙalilan ke juyawa, dunƙule guda ya yi tafiya mai nisa.

Laktoferin, wanda ke cikin nonon uwa, misali ne na nau'i na biyu. Yana kama sinadarin ƙarfe ya hana ƙwayoyin cuta samu. Idan zai saki ƙarfen, dunƙulensa yana buɗewa sama da digiri 50, kuma kusan duk juyin yana faruwa a wasu gajerun zare biyu da ke bayan wurin kamun.

In hoto biyu ne, da sauƙi

Idan an yi sa'a an samu furotin a buɗe an kuma same shi a rufe, aikin lissafi ne kawai. Ana ɗora siffar nan a kan waccan, a ga waɗanne atom ne suka tafi tare, a ga inda suka rabu. HingeFind ta Willy Wriggers da Klaus Schulten, 1997, da DynDom ta Steven Hayward da Herman Berendsen, 1998, haka suke yi. DynDom har tana zana layin da dunƙulen ke juyawa a kansa, ta faɗi digirin.

Matsalar ita ce sa'ar ba ta cika samuwa ba. Rumbun siffofin furotin na duniya, PDB, wanda aka buɗe a 1971 da siffofi bakwai, yanzu ya haura dubu ɗari biyu. Amma furotin da yawa siffa ɗaya suke da ita a ciki, wadda ta yarda ta zama kiristal. Furotin mai yawan motsi yakan ƙi kiristal sam, har sai masu bincike sun datse masa sashen da ke rawa, ko sun ba shi wani abu ya riƙe ya natsu. Ke nan rumbun da kansa ya karkata wajen furotin masu natsuwa.

Gaɓa ba ita ke rawa ba

Wanda ya fara shiga wannan fanni yakan ɗauka gaɓa ita ce wurin da ya fi motsi. Kowace siffar kiristal tana zuwa da lambar da ke nuna yadda kowane atom ke kaɗawa, sai mutum ya ce a nemi inda lambar ta fi girma, an gama.

Duba ƙyauren ɗaki. In aka tura shi, gefen da hannu ke kamawa shi ke yin doguwar tafiya. Ƙarfen da aka kafe shi da shi a jikin bango yana nan inda yake, juyawa kawai yake yi. Haka furotin. Atom ɗin da suka fi kaɗawa su ne na can ƙarshen dunƙule, da jelar sarƙa da ke lilo a ruwa. Gaɓar kuwa kusan a tsaye take, kusurwar haɗin amino asid biyu ko uku ce kawai ke sauyawa. Duk wata dabara ta kirki dole ta raba tsakanin wurin da ke tafiya da wurin da ke ba da damar tafiyar.

A ganina dabarar da ta fi kowace kyau a nan ita ce wadda ta fi sauƙi. A 1996 Monique Tirion ta nuna cewa za a iya ajiye duk rikitattun lissafin ƙarfin da ke tsakanin atom, a ɗauka kawai cewa kowane atom biyu da ke kusa da juna sifirin ne ya haɗa su, kuma duk sifirin ƙarfinsu ɗaya. Sakamakon manyan motsi bai sauya sosai ba. Shekara guda bayan haka Ivet Bahar da Ali Rana Atilgan da Burak Erman, a Jami'ar Boğaziçi ta Istanbul, suka ƙara sauƙaƙawa: kowane amino asid ɗigo ɗaya, a haɗa shi da duk maƙwabcin da bai wuce kamar angstrom bakwai ba. Sun aro tunanin ne daga lissafin yadda roba ke miƙewa.

Da an gina wannan raga, sai a tambayi kwamfuta yadda za ta kaɗa in an girgiza ta. Amsa tana zuwa da salo-salo na kaɗawa, daga mafi jinkiri zuwa mafi sauri. A salo mafi jinkiri, rabin furotin yana zuwa gabas, rabi yana zuwa yamma. A zanen sakamakon, layi yana hawa sama, ya sauko ya ratsa sifiri, ya nutse ƙasa. Inda ya ratsa sifirin nan, nan ake zaton gaɓa.

HingeProt, wadda ƙungiyar Türkan Haliloğlu ta Istanbul ta fitar a 2008 tare da Ruth Nussinov da Haim Wolfson da abokansu, a kan wannan aka gina ta. Tana duba salo biyu mafiya jinkiri. Lissafin ba ya ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Tana da rauninta. Florence Tama da Yves-Henri Sanejouand sun nuna a 2001 cewa ragar sifirin ta fi yin daidai idan aka fara da siffar da take a buɗe. In aka ba ta furotin a rufe, dunƙulen biyu sun manne, sai kwamfuta ta ɗinke su da sifirin masu yawa, ta ɗauka abu ɗaya ne.

Masu yanka da masu ƙirga

A ɗakin binciken Gerstein da ke Yale, Samuel Flores ya bi wata hanya dabam a 2007. Manhajarsa, FlexOracle, tana yanka sarƙar furotin a kwamfuta a amino asid na farko, ta raba gutsattsarin biyu, ta lissafa makamashin da rabuwar ta ci. Sai ta mayar, ta yanka a na biyu, haka har ƙarshe. In yankan ya faɗa tsakiyar dunƙule, cikinsa mai gudun ruwa zai fito fili, farashin ya yi tsada. In ya faɗa a gaɓa, kowane gutsure zai tsaya da ƙafarsa. Wurin da ya fi arha shi ne amsa. Da yake sarƙa takan tsallaka daga dunƙule zuwa dunƙule ta sake dawowa, sai aka yi sigar da ke yanka wuri biyu a lokaci guda.

A Jami'ar Jihar Michigan kuma, Michael Thorpe da Donald Jacobs da Leslie Kuhn sun ɗauki furotin a matsayin gini. Sun koma ga lissafin da James Clerk Maxwell ya yi a 1864 kan yawan sandunan da ke sa firam ya tsaya ƙyam. Manhajarsu FIRST, ta 2001, tana ƙirga kowane haɗi a matsayin sanda, ta faɗi sashen da ya kafe da wanda ke da sauran sakewa. StoneHinge ta 2009 daga nan ta fito. Wahalar wannan hanya ita ce raunanan haɗe-haɗen haidurojin: wanne za a ƙirga, wanne za a bari? In ka ɗan matsar da ma'aunin, furotin da ya kafe ɗazu sai ya saki gaba ɗaya.

An kuma gwada karanta gaɓa daga jerin amino asid kawai. Flores da abokansa sun tattara gaɓoɓin da aka sani, suka ƙirga. Gilaisin da serin sun fi yawa a wurin, su da suke ƙanana. Fenilalanin da balin da alanin da lusin sun yi ƙaranci. Gaɓa ta fi zama a kwana da sakakken zare, ba ta cika zama a tsakiyar murɗaɗɗen sashe ba, kuma sau da yawa tana kusa da wurin da enzayim ke aikinsa. Alamu ne na gaske, amma su kaɗai ba sa isa, domin gilaisin ya cika ko'ina a furotin. Shi ya sa a 2008 suka haɗa dabarun da dama a manhaja ɗaya, HingeMaster, kowace ta jefa ƙuri'arta.

Wa ya ce nan ce gaɓar?

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Kafin a ce manhaja ta ci jarrabawa, sai an san amsar gaskiya. Amsar kuwa mutane ne suka zauna suka kalli hoton motsin, suka nuna da hannu. Wani ya ce amino asid na 90 ne, wani ya ce daga 88 zuwa 93. Saboda haka masu auna manhajoji sukan ba da rangwamen 'yan amino asid hagu da dama. Jerin furotin ɗin gwajin ma ba shi da yawa, kuma galibinsu masu dunƙule biyu ne, waɗanda suka fi sauƙi. Duk wanda ya ga an rubuta cewa wata manhaja ta yi daidai kashi kaza cikin ɗari, ya kamata ya tambaya a kan waɗanne furotin, kuma da wane rangwame.

Wasu masanan ma suna ganin tunanin gaɓa ya yi tsafta da yawa. Adenilet kines shi ne fagen wannan muhawara. Ƙaramin enzayim ne, amino asid ɗari biyu da 'yan kai, mai murfi biyu da ke rufewa a kan ATP da AMP. A 2003 Osamu Miyashita da José Onuchic da Peter Wolynes suka ce murfin ba ya juyawa salin-alin. A tsakiyar tafiya matsi yana taruwa a wasu wurare har su ɗan warware, sannan su sake naɗewa bayan an wuce. In haka ne, gaɓar ba wuri ba ce da ke zaune kullum, tana bayyana ne a lokacin motsin.

Dorothee Kern, a lokacin tana Jami'ar Brandeis, ta zo da hujja ta wani gefen a 2007. Ƙungiyarta ta kwatanta enzayim ɗin na bakteriyar hanji da na wata bakteriya da ke rayuwa a ruwan da ya kusa tafasa. A zafin ɗaki, na ruwan zafin yana aiki a hankali. Da suka auna, sai suka tarar gaɓoɓinsa sun fi tauri, akwai furolin da manyan amino asid da suka cushe wurin. Da aka ɗumama shi zuwa zafin da ya saba, gaɓoɓin suka saki daidai da na ɗan'uwansa, saurin aikin ma ya tashi. Sun kuma ga murfin yana buɗewa yana rufewa ko babu abin da zai kama. Wannan ya ƙarfafa masu cewa furotin yana zagaya siffofinsa da kansa, abin kamawar yana zaɓar wadda ta dace ne kawai, saɓanin yadda Koshland ya fara faɗa. Yau yawancin masana sun yarda ana samun duka biyun, ya danganta da furotin.

Aikin Kern ya fi burge ni a duk wannan tarihi, domin ya haɗa taurin 'yan amino asid da saurin enzayim gaba ɗaya, da awo, ba da zato ba.

Me ya hana a kalli motsin kai tsaye?

Ana iya sa kwamfuta ta bi kowane atom, taki bayan taki, bisa dokokin Newton. Sai dai kowane taki bai wuce femtosakan biyu ba, kuma femtosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan dubu na daƙiƙa. Buɗewar dunƙule kuwa takan ɗauki daga kashi ɗaya cikin miliyan zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kafin a kai wannan na ƙarshen, sai an yi taki wajen biliyan ɗari biyar.

Gwajin farko a 1977, a kan wani ɗan furotin mai amino asid 58, bai kai pikosakan goma ba. Sai a 2010 wata kwamfuta ta musamman mai suna Anton, wadda David Shaw ya gina a New York domin wannan aiki kaɗai, ta kai furotin ɗin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A 2020 shirin Folding@home ya haɗa kwamfutocin 'yan sa-kai daga ko'ina a duniya domin kallon yadda ƙayar korona ke buɗewa. Hanya ce mai kyau ga mai hali. Ba a iya bin ta a kan furotin dubu.

AlphaFold ma tana ɗan taimakawa ta bayan gida. Tare da kowace siffa tana ba da taswirar da ke nuna yadda ta amince da matsayin wani sashe dangane da wani. Dunƙule yakan fito a matsayin murabba'i mai duhu, tsakanin dunƙule biyu kuma launi ya kwaranye. Masu bincike sun koyi karanta wannan a matsayin alamar gaɓa. Amma rashin tabbas na manhaja ba shi ne motsin furotin ba. Wani lokaci bayanai ne kawai ba su ishe ta ba. Tun daga 2022 wasu ƙungiyoyi suna rage mata jerin dangin furotin da take dubawa, ko su kasa su rukuni-rukuni, don ta fitar da siffa ta biyu. Yana yi a wasu furotin, yana ƙi a wasu, kuma har yanzu ana gardama ko tana gano motsin ne ko tana tuno abin da ta gani lokacin horo.

Inda abin ya taɓa majiyyaci

Gulukokines, ɗan'uwan hekzokines ɗin Steitz, shi ne ma'aunin sukari a cikin hanta da fankiriyas da ke fitar da insulin. A kusa da gaɓarsa akwai wani ɗan aljihu da ke bayyana idan enzayim ɗin ya rufe. Maganin da ya zauna a nan yana riƙe shi a siffar aiki, jiki ya ƙara fitar da insulin. Kamfanoni da dama sun gwada sun janye, saboda sukarin wasu majiyyata yana faɗuwa ƙasa da kima, a wasu kuma amfanin yana dushewa bayan 'yan watanni. A 2022 ƙasar Sin ta amince da guda ɗaya, dorzagliatin, ga masu ciwon sukari.

Enzayim ɗin furoties na ƙwayar HIV yana da fiffike biyu da ke buɗewa su karɓi abin da zai yanka. Magunguna irin su lopinavir da darunavir suna shiga ne fiffiken su rufe a kansu. An ƙera su ne galibi bisa nau'in B na cutar, wanda ya fi yawa a Turai da Amurka. Nau'o'in da suka fi yawa a Najeriya, G da CRF02_AG, da nau'in C na kudancin Afirka, sukan zo da bambanci a amino asid na 36, a daidai gaɓar fiffiken. Magungunan suna aiki a kansu, kada a fahimci wani abu dabam. Amma masu bincike, musamman a Afirka ta Kudu, sun daɗe suna bin yadda irin wannan bambanci ke sauya kaɗawar fiffiken da kuma hanyar da cutar ke bi ta bijire wa magani. Tambaya ce da ta shafi majiyyatanmu kai tsaye.

Antibodi na garkuwar jiki ma yana da gaɓa tsakanin hannuwansa biyu da gangar jikinsa, ita ke ba shi damar kama wurare biyu masu tazara daban-daban. A 1959 Rodney Porter ya yanka shi a wannan wuri da papain, enzayim ɗin da ke cikin ƙaron gwanda, aikin da ya kai shi ga Nobel a 1972. Har yau da yawa daga magungunan saran maciji ana yin su ne ta yanke antibodin doki a kusa da gaɓar da pepsin, a ajiye hannuwan da ke kama dafi.

Ɗalibanmu da furotin na dutse

A jami'o'inmu an rungumi gwajin ɗora magani a kan furotin a kwamfuta, kuma abin farin ciki ne. Ɗalibi zai ɗauko sinadaran darbejiya ko zogale ko sabara, ya sauko da siffa ɗaya daga PDB, ya bar manhaja ta gwada shigar da su, ya rubuta lambar da ta fito. Abin da ke damuna shi ne a yawancin irin wannan aiki furotin ɗin a sandare yake. Ba a tambaya ko siffar a buɗe take ko a rufe, ko an ɗauke ta tana riƙe da wani magani da ya gyara aljihun daidai jikinsa. Sinadarin da zai shiga buɗaɗɗen baki yana iya cin maki mara kyau a rufaffe, a yar da shi. Wani kuma ya ci maki mai kyau a aljihun da ba ya daɗewa a cikin jiki.

Gyaran ba ya bukatar babbar kwamfuta. PDB kyauta ne. ProDy, wadda ƙungiyar Bahar ta fitar a 2011, kyauta ce, kuma kwamfutar cinya ta ɗalibi tana gina ragar sifirin kafin wutar lantarki ta ɗauke. Ɗalibi zai iya duba ko furotin ɗinsa yana da siffofi fiye da ɗaya a rumbun, ya ɗora su a kan juna, ya ga ko aljihun da yake nufi yana tsakanin dunƙule biyu. In haka ne, ya yi gwajin a kan kowace siffa, ya faɗi bambancin. Malamin da ke duba aikin yana da haƙƙin tambayar wannan kafin ya sa hannu.

Furotin ɗin zazzaɓin cizon sauro, na ciwon barci, na dafin kububuwa, yawancinsu yanzu suna da siffar AlphaFold, kaɗan ne aka bi motsinsu. Fili ne da ɗalibin Kano ko Zariya ko Maraɗi zai iya shiga da kayan da ke hannunsa.

A can Seattle kuwa an juya tambayar. A 2023 Florian Praetorius da abokansa a ɗakin binciken David Baker suka ƙera furotin da babu irinsu a halitta, kowanne da dunƙule biyu da gaɓa a inda suka zaɓa. Furotin ɗin yana zama a rufe, sai an zuba masa wani guntun sarƙa da aka ƙera domin shi ya buɗe ya kama. Sun auna siffofin biyu a ɗakin gwaji, suka zo kusa ƙwarai da abin da aka zana a kwamfuta, kuma ana sa ran amfani da irinsu wajen ƙera na'urorin gano sinadarai a cikin jini da cikin ƙwayoyin halitta.